Yadda Ake Sassaƙa Gilashi da Siramik da Injin Altirasonik Ba Tare da Sun Dare Ba

Idan bakin inji ya shiga ƙarfe, ƙarfen lanƙwasa yake yi ya ba da hanya, ɓawonsa ya fito a nannaɗe. Gilashi da siramik mai tauri ba sa lanƙwasa. Kusan duk ɗan abin da aka cire daga jikinsu, tsagewa ce ta cire shi. Aikin mai sassaƙa su kuwa shi ne ya sa tsagogin su zama ƙanana ƙwarai, su kuma tsaya a inda yake so. Injin altirasonik, wanda ke sa bakin daimon karkarwa da saurin da ya wuce jin kunne, mataimaki ne a wannan aiki. Daimon ne ke cin kayan, karkarwar tana rage masa nauyi ne kawai, kuma ba ta rage komai sai an daidaita mariƙin da ke riƙe da bakin, ruwa da ɗaurin kayan aikin.

Iri biyu ne, kada a haɗa su

Tsohon salon ya samo asali daga aikin Lewis Balamuth, wanda ya nemi rajistar fasahar a 1945. A wannan salon bakin ba ya juyawa. Karkarwa yake yi kawai, ana zuba masa ruwa gauraye da garin abu mai tauri kamar boron kabayid, garin ne ke ci. Yana iya fitar da rami mai kusurwa huɗu, sai dai yana da nawa, kuma bakin yana cinyewa da sauri. A 1964 Percy Legge, a cibiyar binciken makamashin nukiliya ta Harwell da ke Ingila, ya fito da salo na biyu: baki mai daimon a jikinsa, yana juyawa yana karkarwa a lokaci guda, ba garin da ake zubawa. Wannan na biyun ne ke cikin injinan zamani, irin na DMG MORI da ake haɗawa a Stipshausen ta Jamus, da na OptiPro da Sonic-Mill a Amurka, da mariƙan da kamfanoni irin su Hantop na Taiwan ke sayarwa don a ɗora wa injin CNC na yau da kullum, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa. A kansa wannan bayani yake.

Abin da ke cikin mariƙi

Akwai akwatin lantarki da ke mai da wutar gari zuwa wuta mai kaɗawa sau 20,000 zuwa 50,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 20 zuwa 50. Tun da mariƙi juyawa yake yi, ba a jona masa waya. Ana kafa wani zoben naɗin waya a hancin sandar juyi, wato sandar injin da ke juya mariƙin, wani kuma yana jikin mariƙin, wutar tana tsallaka ɗan tazarar da ke tsakaninsu ta hanyar maganaɗisu. A cikin mariƙin akwai faifan wani irin siramik mai suna PZT da aka matse da kusa, waɗanda ke miƙewa su tsuke idan wuta ta ratsa su. Motsinsu kaɗan ne, sai wani ƙarfe mai tsukewa a gaba ya ƙara shi kafin ya kai ga bakin daimon. A ƙarshe bakin yana hawa da sauka tsakanin maikiron 2 zuwa 10, wasu mariƙan har 15. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Adadin yana kama da ba komai ba, sai an yi lissafi. A kilohaz 25 da maikiron 5 daga tsakiya zuwa ƙoli, saurin bakin a tsakiyar motsi ya kai kusan mita 0.8 a daƙiƙa, fizgar kuwa ta haura ninki 12,000 na jan ƙasa. Wannan fizgar ce ke kakkaɓe garin gilashi daga tsakanin ƙwayoyin daimon, ta buɗa wa ruwa hanya, ta sa ƙwayar da ta dakushe ta fashe ta fito da sabon kaifi. Masu ƙera injinan suna cewa ƙarfin da ake danna kayan da shi na iya raguwa har kusan rabi. A ɗauki wannan a matsayin iyaka ta sama, ba abin da za a samu kullum ba.

Idan za ka sayi mariƙi, ka tambayi yadda aka auna tsayin karkarwar. Wani kamfani daga ƙoli zuwa ƙoli yake rubutawa, wani daga tsakiya zuwa ƙoli, na farko ninki biyu ne na na biyu alhali motsin ɗaya ne.

Motsin yana bin tsawon bakin ne, sama da ƙasa, kuma wannan yana da tasiri a kan irin aikin. Idan ana huji ko ana cin ƙasan gurbi, bakin bugun fuskar kayan yake yi kai tsaye, ya taɓa ya ɗaga. A nan ribar ta fi yawa. Idan ana cin bango da gefen baki, motsin goga ne a kan fuskar, ƙwayoyin suna zana layi mai lanƙwasa maimakon miƙaƙƙe. Ana samun sulɓi da tsabtar baki, amma kada a sa ran ƙarfi zai ragu kamar na huji.

Kafin a kunna, a tabbatar kayan na wannan aikin ne

Gilashin da aka gasa aka taurara shi, wanda masu aikin tagogi ke kira tamfad, ba a huda shi ba a sassaƙa shi, da altirasonik ko babu. Fatarsa a matse take, cikinsa a ɗame, da zarar baki ya ratsa fatar sai ya tarwatse gaba ɗaya. Ana gama huji da gyaran gefe tukuna sannan a kai shi gashi. Siramik ɗin zakoniya da ba a gama gasawa ba, irin wadda ake sassaƙa haƙoran roba da ita, tana da laushi, bakin kabayid ya ishe ta, daga baya ta tsuke da kusan kashi 20 cikin ɗari a murhu. Macor ma, wani siramik mai sauƙin yanka, da bakin kabayid ake yankansa. Ƙarfe kuwa ba abokin daimon ba ne, domin idan zafi ya tashi kabon ɗin daimon narkewa yake yi ya shige ƙarfen. Saboda haka ko maƙalin ƙarfe da ke riƙe da kayan kada bakin ya shafa.

Inda injin ke biyan kuɗinsa shi ne gilashin kwaz, BK7 na madubin hangen nesa da na kyamara, Zerodur na kamfanin Schott, wanda kusan ba ya miƙewa da zafi, saffaya, da siramik da aka gama gasawa: alumina, zakoniya, silikon kabayid, silikon naitirayid. Lambobi biyu za ka nema a takardar kayan. Na farko tauri: alumina tana wajen 1,500 zuwa 1,800 a ma'aunin Vickers, daidai da bakin kabayid kansa, shi ya sa ba ya cin ta, silikon kabayid kuwa wajen 2,500. Na biyu juriyar tsagewa: gilashi bai kai 1 ba, alumina 3 zuwa 5, zakoniya 6 zuwa 10, alhali ƙarfen gini ya wuce 50. Tauri shi ke faɗa maka yadda bakin zai cinye. Juriya ita ke faɗa maka yadda gefe zai ɓantare. Gilashi yana ciwuwa da sauƙi amma gefensa ba ya haƙuri. Zakoniya gefenta yana tsayawa, sai dai tana jan ƙarfi da zafi.

Zaɓen baki

Lambar da ke bayan harafin D ita ce kusan girman ƙwayar daimon a maikiron. D126 ko D151 na cin farko ne, D91 da D64 na tsakiya, D46 na gamawa. Lambar C yawan daimon ce: C100 na nufin daimon ya cika kashi 25 cikin ɗari na jikin bakin. Ga gilashi, C50 zuwa C75 ya fi, domin yana barin fili tsakanin ƙwayoyi da gari zai fita.

Sai abin da ya riƙe ƙwayoyin. Wanda aka gasa da tagulla yana da daimon har cikin jikinsa, idan na sama ya faɗi na ƙasa ya fito, kuma yana isar da karkarwa sosai. Shi ne na aikin yau da kullum. Wanda aka lulluɓe da nikel layi ɗaya ne tak na daimon: yana da kaifi, yana da araha, ana samunsa a siffofi iri-iri, amma idan layin ya ƙare bakin ya mutu, kuma girmansa yana raguwa a hankali tun daga ranar farko. Wanda aka haɗa da danƙon roba yana shanye karkarwar ya mai da ita zafi, a bar shi ga aikin sulɓi da altirasonik a kashe. Duk inda girman ya yarda, a ɗauki baki mai rami a tsakiya don ruwa ya bi ta ciki. Tsakiyar baki marar rami ba ta da sauri ko kaɗan, dannawa kawai take yi.

Sabon bakin tagulla yakan zo da ƙwayoyinsa a binne. Sai an koɗa shi, kamar yadda ake koɗa dutsen niƙa idan ya yi sulɓi. Ana tura shi cikin farin sandan alumina mai laushi, da ruwa, sau biyu ko uku zurfin milimita 1 zuwa 2, har sai farce ya ji kaushi a fuskarsa. Haka za a maimaita duk lokacin da nauyin aikin da ke kan sandar juyi, wanda allon injin ke nunawa, ya fara hawa alhali ba a canja komai ba.

Ɗaura baki da neman amo

Nan ne yawancin masu farawa ke asarar ribar injin ba tare da sun sani ba. Mariƙi da baki tare suna da wani adadin kaɗawa da suke amsawa da ƙarfi, amonsu ke nan. Sauti yana gudu a sandan ƙarfe da kusan mita 5,100 a daƙiƙa. A kilohaz 20, rabin zangon igiyar ya kama milimita 128, a kilohaz 40 kuma 64. An ƙera mariƙin ne don bakin daimon ya faɗo daidai inda motsin ya fi girma. Idan ka zaro bakin da ƙarin milimita 5, ko ka sa mai nauyi, amon ya gusa. Allon injin zai nuna wuta tana tafiya, amma a bakin babu abin da ke motsi.

A wanke kolet, wato ɗan ƙarfen da ke damƙe wutsiyar baki, da ita wutsiyar da giyar goge-goge, wato sifirit, a bar su su bushe, domin maiƙo tsakanin ƙarfe biyu yana cinye karkarwa. A zura bakin zuwa tsawon da mai mariƙin ya rubuta, a ɗaure noti da sifana mai awon ƙarfi, ba da ƙiyasin hannu ba. Noti mai sako-sako yana yin zafi cikin minti kaɗan, kuma za ka ga baƙin tabo a wutsiyar. A sa agogon awo kusa da bakin a juya da hannu: karkacewar kada ta wuce maikiron 5, ga bakin da bai kai milimita 1 ba kuwa 2 zuwa 3. Baki mai karkacewa da gefe ɗaya yake ci, kowane juyi bugu ne a kan gilashi. A duba tazarar zoben wuta da ma'aunin tazara, a share laka daga fuskokinsa.

Sannan a sa akwatin ya laluba amo, bakin yana sama bai taɓa komai ba. A zanen da allo zai nuna, ana son a ga ƙoli guda ɗaya mai tsini. Ƙoli biyu kusa da juna, ko ƙoli mai faɗi marar tsayi, alama ce ta sako-sako ko tsaga a jikin bakin. Don a tabbatar da ido, a ɗiga ruwa a bakin: idan yana karkarwa da gaske, ɗigon zai watse ya zama hazo nan take. Kada a gwada da yatsa, yana ƙona fata. A rubuta lambar bakin, tsawonsa da amon da aka samu. Idan gobe amon ya gusa da yawa alhali ɗaurin ɗaya ne, akwai abin da ya lalace.

Amon yana gusawa kuma idan bakin ya shiga kayan, da kuma idan mariƙin ya ɗumama. Akwatin kirki yana bin sa da kansa. Idan naka ba ya yi, sai ka sake laluba bayan minti goma na farko.

Ɗaure kayan aikin

Ba a matsa gilashi a bakin maƙalin ƙarfe. Wurin da ƙarfe ya taɓa shi da tsini nan tsaga za ta fara, wani lokaci sai bayan an kwance. Hanyar da ta fi aminci ga ƙananan kaya ita ce a manna su a kan wani farantin gilashi da danƙon manni irin Crystalbond 509, wanda ke malala a wajen digiri 120 kuma sinadarin asiton yana narkar da shi. A ɗumama kayan da farantin tare a hankali, a shafa danƙon siriri, a danna har kumfar iska ta fita, a ɗora nauyi a bar su su huce da kansu. Kumfa a ƙarƙashin wurin da za a huda daidai take da babu madogara.

Farantin ya zama gilashi, ba alminiyam ba, kuma ga dalili. Alminiyam yana tsukewa maikiron 23 a kowace mita idan zafi ya sauka digiri ɗaya, kwaz kuwa kusan rabin maikiron. Idan danƙo ya daskare sannan suka ƙara hucewa digiri 50, a faɗin milimita 60 bambancin ya kusa maikiron 70. Kayan zai zauna a ɗame tun kafin baki ya taɓa shi, idan siriri ne ma ya lanƙwashe, ka sassaƙa shi a miƙe ka cire shi a karkace. Tebur mai tsotsar iska yana da sauri ga manyan faifai, amma ramin farko da ya ratsa zai sake tsotson, sai an tsara wurin ramukan tun farko.

Ruwa

Bakin daimon da ya yi daƙiƙa kaɗan ba ruwa a cikin rami ya ƙone. Ana amfani da ruwan niƙa na roba marar mai, a gauraya kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ana aunawa da ma'aunin kauri na haske kowace safiya, domin ruwa yana tashi ya bar sinadarin. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin ɓawo a cikin siraran ramukan baki, a tace shi ko a yi amfani da ruwan batir, wato tsarkakken ruwa ba asid ba. Matatar ta kama abin da ya kai maikiron 5 zuwa 10. Garin gilashi da ya dawo ta famfo yana karce fuskar da aka gama, yana cin robobin sandar juyi. Injinan da aka yi don wannan aikin sukan zo da matata mai juyi da ke jefar da laka gefe, kuma matsin famfonsu na iya kai 40 ko fiye a ma'aunin matsi na "bar". Ba kullum ake buƙatar wannan ƙarfin ba: ƙaramin baki mai siririn rami ne ke son sa, faifai siriri kuwa ruwa mai ƙarfi yana iya ɓalle shi daga danƙo.

A shagon da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar a Kano ko Sakkwato, na'urar sanyaya ruwa wajibi ce. Ƙarfe yana miƙewa kusan maikiron 12 a kowace mita a kowane digiri. Milimita 200 na mariƙi da hancin sandar juyi, idan suka ƙaru da digiri 10, sun miƙe maikiron 24, fiye da duk zurfin cin ƙarshe. A bar injin ya yi juyi minti 20 zuwa 30 ruwa yana gudu, sannan a auna tsawon baki. Kuma kada a fara dogon aiki a kan wutar da ke iya ɗaukewa: famfo yana tsayawa nan take, sandar juyi tana ci gaba da gudu na ɗan lokaci a busasshen rami.

Misalin aiki: farantin kwaz

A ɗauka farantin kwaz ne milimita 60 da 60, kaurinsa 8. Ana son gurbi 30 da 20 mai zurfin 3, da ramuka huɗu masu faɗin 4 da za su ratsa. Duk awon tsawo a nan da milimita yake. Lambobin da ke tafe na farawa ne, a gwada su a guntun kaya irinsa kafin a taɓa na gaske.

Gurbin za a ci da baki mai rami, faɗi 6, D126 na tagulla. A juyi 12,000 a minti, saurin gefensa mita 3.8 ne a daƙiƙa. Babban dutsen niƙa na masana'anta yana gudu a mita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, ka ga ƙaramin baki kullum a ƙasa da sauri yake aiki, wannan giɓin ne karkarwa ke ɗan cikewa. A kilohaz 25, kowane juyi ɗaya yana ɗauke da bugu 125. A fara da ƙarfin karkarwa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Zurfin kowane layi 0.1, tafiya milimita 500 zuwa 600 a minti, matsawa gefe kusan rabin faɗin baki.

Kada a nutsa kai tsaye. A shiga da kewaye, ana sauka a gangaren da bai kai digiri ɗaya ba, kuma da'irar ta yi faɗin da zai cinye tsakiya, in ba haka ba wani ɗan ginshiƙi zai tsaya cikin ramin bakin ya karye a ciki. Layi biyu na farko a rage tafiya da rabi, domin gefen sama shi ne wanda ido zai gani, kuma a nan ɓantarewa ke faruwa. A kusurwa, a nemi mai zane ya ba da lanƙwasa ta 3.5 ko 4. Idan lanƙwasar ta yi daidai da ta baki, wato 3, bakin zai rungumi bango biyu lokaci guda, ƙarfi ya yi tsalle.

A bar 0.15 a bango da ƙasa. Ƙa'idar ita ce abin da aka bari kada ya gaza girman ƙwayar da ta yi cin farko. Dalilin yana ƙarƙashin fuska. Kowace ƙwaya da ta danna gilashi tana haifar da tsaga iri biyu: wadda ke tafiya a kwance ta ɓalle guntu, ita ce ke yin aikin, da wadda ke nutsawa ƙasa ta zauna. Ta biyun ba a ganinta, kuma a gilashin madubi zurfinta kan kai ninki huɗu zuwa shida na kaushin da ake aunawa a sama. Idan cin ƙarshe bai kai ƙarƙashinta ba, kayan zai fita da kyau, ya je ya dare ranar da aka ɗaure shi ko ya sha zafi. Cin ƙarshe da D46 ne, zurfi 0.02, tafiya 300, karkarwa ƙasa-ƙasa. Wasu suna kashe ta a zagayen ƙarshe na ƙasan gurbi, domin bugun kai tsaye yana iya barin fuska mai dishi-dishi. A gwada duka biyun a auna. Daga ƙarshe a kashe kaifin gefen sama da 0.1 zuwa 0.2, gefe mai kaifi ba ya kai wa hannun mai saye lafiya.

Ramukan sun fi neman kulawa. Bututun huji mai faɗin 4, juyi 8,000, ruwa ta ciki. Milimita 0.3 na farko a shiga da 10 a minti, sannan a hau 20 zuwa 30. Matsalar tana wurin fita. Yayin da bakin ke kusantar ƙasa, abin da ya rage yana sirancewa har ya kasa ɗaukar dannawa, sai ya ɓalle ya tafi da gefen rami. Saura 0.5 zuwa 0.8 a sauko zuwa 3 ko 5 a minti, a ci gaba a haka har bakin ya shiga farantin ƙasa da 0.3. Inda ba a yarda da ɓantarewa ko kaɗan ba, a huda rabi, a juya kayan a haɗu a tsakiya, dabarar da masu huda gilashin teburi suka daɗe da sani, sai dai tana buƙatar madogara biyu da za su mai da kayan wurinsa daidai.

Bayan kowane rami a tabbatar ɓargon da ke cikin bututun, wato guntun kayan da ya yanko, ya faɗo. Idan ya maƙale, ruwa ya toshe, rami na gaba zai ƙona bakin ya fasa kayan. Alamarsa ita ce matsin famfo ya hau, gudun ruwa ya faɗi. Injin da ke da ma'aunin gudu, a sa shi ya tsaya da kansa idan hakan ta faru.

Idan alumina ce maimakon kwaz, zurfin layi ya koma 0.02 zuwa 0.03, huji 3 zuwa 8 a minti, kuma za ta ɗauki karkarwa fiye da gilashi. Silikon kabayid a fara da 1 zuwa 3 a minti, a riƙa auna tsawon baki bayan 'yan ramuka, domin yana cin daimon yadda zurfin rami zai ragu ba a lura ba.

Karanta alamun matsala

Hanya mafi sauƙi ta sanin ko altirasonik yana aiki ita ce a yi layi ɗaya da shi a kunne, ɗaya a kashe, ana kallon nauyin sandar juyi. Idan babu bambanci, a koma kan amo da noti kafin a zargi injin.

Ɓantarewa a gefen sama tana zuwa ne daga karkacewar baki, ko ƙwaya mai girma, ko karkarwa da ta yi yawa. Mutane sukan ɗauka ƙara karkarwa kullum alheri ne, alhali a gilashi siriri kowane bugu mai ƙarfi tsaga ce mai tsawo. Fuskar baki ta yi ƙyalli, ƙara ta koma kuka mai tsini: ya dakushe, a koɗa shi. Idan yana yawan dakushewa, tagullar ta yi wa kayan tauri ko tafiyar ta yi sanyi da yawa, domin ƙwayar da ba ta samun nauyi ba ta fashewa, gogewa take yi. Idan kuwa yana cinyewa da sauri, akasin haka ne, ko ruwa bai isa ba. Rami mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, yana nuna gefen bututun ya cinye ko laka tana gogar bango a hanyar fita. Mariƙin da ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba a tsayar da shi, faifan PZT suna rasa ƙarfinsu da zafi kuma ba sa dawowa. Tsagar da ta bayyana bayan an cire kayan daga danƙo, a duba farantin manni da saurin hucewa kafin a taɓa lambobin sassaƙa.

Dubawa da share wuri

A jiƙa kayan a asiton har danƙon ya sake da kansa, kada a ɓanɓare. Gilashi a duba shi a ɗaki mai duhu da fitila mai ƙarfi daga gefe, tsaga tana kama haske. Siramik tun da ba ya nuna ciki, a shafa masa ruwan rini mai shiga tsaga, a goge, a duba inda launi ya zauna. A auna mafi girman ɓantarewa da madubin ƙara girma a rubuta kusa da lambobin da aka yi aiki da su, wannan rubutun shi zai gaya maka ranar da ya kamata a canja baki.

Lakar gilashi da siramik a kwashe ta tana jiƙe. Idan ta kwana a tanki tana daskarewa ta yi tauri, idan ta bushe a jikin inji ta zama ƙurar da ke illa ga huhu, saboda haka ba a hura ta da iska, da ruwa ake wankewa. A duba murafen hanyoyin tafiyar inji kowane mako, musamman idan mariƙin altirasonik aka ɗora wa injin da aka yi don ƙarfe, domin garin alumina da ya shiga hanyar tafiya zai cinye ta cikin watanni. Siramik na beriliya kuwa ƙurarsa guba ce, shagon da ba shi da tsarin tsaro na musamman kada ya karɓi aikinsa.